Darae a Bayan Yayarta

Pyo Darae tana da shekara goma sha ɗaya mahaifinta ya kawo ta gidana a Chuncheon, da jaka ɗaya da kwalin busasshen kifi. Masunci ne daga Sokcho, mai faɗin kafaɗa, ko zama bai yi ba. A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, na fara ba 'yan makaranta ɗakuna ina dafa musu safe da yamma. Daga ƙofata zuwa filin ƙanƙara tafiyar minti bakwai ce, shi ya sa kusan duk waɗanda suka zauna da ni 'yan tseren ƙanƙara ne, masu zamiya da takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasansa.

Ya dire kwalin ya ce, "Uwargida, ga ta nan. Ba ta cin albasa, ba ta kuma magana. In ta yi rashin ji a zane ta."

Na ce, "Ba a duka a gidan nan."

"To a hana ta kifi. Ya fi duka zafi a wurinta."

Yarinyar tana tsaye ta ƙura wa safarta ido. Da ya tafi ba ta yi kuka ba. Ta jera takalmanta a bakin ƙofa, ta gyara na kowa, ta shiga ɗakin da na nuna mata.

A ɗakin akwai Tak Sorim, wadda ta girme ta da shekara biyu. Sorim irin yaran nan ce da in suka shigo gida sai bango ya san sun shigo. Ga baki, ga dariya, ga gudu. Ta dubi Darae sama da ƙasa ta ce, "Ke warin teku kike yi. Daga yau ni ce yayarki. Tagar nan tawa ce, bangon can naki." Darae ta rusuna ta ce, "To, Yaya." Kalmar farko da na ji daga bakinta ke nan.

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muke fita mu uku. Ni in nufi majami'a addu'ar asuba, su su nufi fili, domin da rana ƙanƙarar ta masu yawon shaƙatawa ce. Sorim a gaba tana surutu, Darae taku biyu a bayanta. Idan na fito daga addu'a nakan biya in zauna a benci na sama da goran shayin sha'ir, in kalla. Filin ƙarami ne, kullum kuma hagu ake juyawa. Mutum biyar ko shida a lokaci guda, kafaɗa na gogar kafaɗa, suna kwantawa a kwana har yatsun hagu su shafi ƙanƙara. Ban san dokokinsu da yawa ba. Abu ɗaya na gane da wuri: in mai tsere yana tafiya yana ajiye ƙarfinsa, hannuwansa a goye suke a baya. In ya yi niyyar wucewa sai ya saki na dama ya fara kaɗa shi.

A ƙungiyarsu, ƙarami shi ke wasa wa babba wuƙar takalmi. Haka suka tarar, ba wanda ya ga laifin abin. Kowace yamma kafin abinci Darae za ta shimfiɗa jarida a falona, ta kafa ƙarfen da ke matse takalma biyu wuƙaƙensu na kallon sama, ta ɗiga mai a dutsen washi, ta fara. Na Sorim tukuna, sannan nata. Daga diddige har kan yatsa take jan dutsen, a miƙe, ba ta dannawa. Ta ƙirga, ta juya ƙarfen, ta sake. In ta gama sai ta goge ɗan gashin ƙarfen da ya tashi a gefe da ƙaramin dutse, ta gwada kaifin a farcenta. Farcen babban yatsanta na hagu bai taɓa yin santsi ba, kullum a kankare. Ina kicin ina yanka kabeji nakan san inda ta kai daga ƙarar kawai. Kafin ta kai sha biyar manyan maza na ƙungiyar suna kawo mata nasu suna haɗawa da roƙo.

Sorim ta shiga tawagar ƙasa tana da sha takwas. Mun gan ta a talabijin da tuta a kafaɗa, na kira maƙwabta, Darae ta yi ta tsalle har ta zubar min da tukunyar miya. Ita kuwa Darae da ta gama makaranta ƙungiyar birni ta ɗauke ta, ta ci gaba da zama a ɗakin nan, a gefen bango, ko da tagar ta zama ba mai ita.

Duk watan Afrilu ake gasar zaɓen tawagar ƙasa a Seoul, mata takwas ake ɗauka. Ba ruwansu da abin da mutum ya ci bara, kowa sai ya sake shiga layi. Darae ta zo ta goma sha huɗu, ta zo ta goma sha ɗaya. Tana da ashirin da biyu ta faɗi a kwana ta daki katifar bango, idon sawunta ya karye, ta yi wata biyar ina dafa mata romon ƙashin sa har ta fara cewa ita da sa sun zama dangi. Ta warke ta dawo. Ta zo ta tara. Da shekara ta zagayo ta sake zuwa ta tara.

Malam Bong, mai horar da su, ya ce numfashi ne ke yanke mata a ƙarshe. Ya sa ta hawan dutse da gudu sau uku a mako. Ta hau. Ya sa ta jan taya da igiya a ƙugu. Ta ja. Mutumin kirki ne, yana kuma kallon agogonsa sosai. Ni da ba ni da agogo sai na kalli yarinyar.

Abin da na gani shi ne wannan. In Darae ta iso bayan kowace mace saura zagaye biyu, hannun damanta yakan sauko, ta buɗe ta waje ta wuce kamar an harba ta. In ta iso bayan Sorim, hannun sai ya koma baya ya kwanta. Ba ta rage gudu yadda agogo zai kama. Tana dai zama a wurin, taku biyu a baya, kamar muna hanyar asuba. Kuma a gasar zaɓe, ko ba daɗe ko ba jima, sai an haɗa su tsere ɗaya.

Shekara uku ina riƙe da maganar nan. Na kai ta gaban Ubangiji ba sau ɗaya ba. Dukansu biyu a hannuna suka girma, na cire wa kowacce ƙaya a kifi. In na buɗe wa ɗaya ido, ɗayar na rage wa. Ni kuma wace ce, aji shida na yi na bar makaranta, da zan gaya wa masu lambobin yabo yadda ake tsere? Sai na yi shiru.

A bikin sabuwar shekara da Darae ta cika ashirin da bakwai, ta dawo daga Sokcho jikinta a sanyaye. Ciwon baya ya kama mahaifiyarta, ba ta iya sunkuyawa ta shanya kifi, ga rumfar sayar da kifinsu ba mai zama. Mahaifinta ya ce mata, "Shekara goma sha shida kina zagaya wuri ɗaya kamar kifi a bokiti. Bana ce ta ƙarshe. In ba su ɗauke ki ba ki tattaro ki dawo gida." Ta ce masa to. Da take gaya min ba ta ce ya zalunce ta ba. Ta ce, "Inna, gaskiyarsa ce."

Ita ma Sorim shekarar ba ta yi mata daɗi ba. Gwiwarta ta hagu ta fara ciwo, yara sabbin tashi suna wuce ta. Ta dawo gidana wata biyu kafin gasar, ta karɓi tagarta, ta miƙa wa Darae takalma kamar jiya ta tafi.

Nakan bi su Seoul duk shekara in sauka gidan ƙanwata, don su ci abincin da cikinsu ya sani. A wannan shekarar ma aka yi kwanaki ana fafatawa. Ranar Asabar da yamma aka fitar da maki: Sorim ta takwas, Darae ta tara, tsakaninsu ɗan kaɗan. Saura tseren mita dubu ranar Lahadi. Malam Bong ya yi lissafinsa ya ce na sama sun yi nisa, na ƙasa ba za su kamo ba. Duk wadda ta zo gaban 'yar'uwarta gobe ita ce ta takwas.

Muka dawo gida rana ba ta faɗi ba. Ƙanwata, Allah ya shirye ta, ta jiƙa ganyen teku za ta yi miya. Sorim ta leƙa tukunya ta ɗora hannu a ka. "Miya mai santsi ana gobe tsere? So kike mu zame mu biyu a kwanar farko?" Ni na san ba miya ke kayar da mutum ba, amma na ɗauke kwanon na tura can ƙarshen firiji, na ɗora shinkafa mai danƙo.

Darae ta shimfiɗa jarida, ta ɗauko takalman Sorim. Sorim tana kan kujera da ƙunshin ƙanƙara a gwiwa. Na tsaya a ƙofar kicin ina jin dutsen yana tafiya yana dawowa. Ta yi musu washi mai kyau, irin wanda ta saba, ba ta rage ko ja ɗaya ba. Da ta gwada a farce ta ajiye su a gaban yayarta da hannu biyu, sai na ji ba zan iya kai shirun nan gobe ba. Na ce a raina in zan faɗa, a gaban su biyu zan faɗa, kada ya zama na ci amanar ɗaya a ɓoye.

Na ce, "Darae, in tambaye ki."

"Na'am, Inna."

"Me ya sa in kin iso bayan yayarki kike mayar da hannu baya?"

Ta yi murmushi. "Inna, kowa ai yana mayarwa."

"Kowa yana mayarwa in yana hutawa. Ke saura zagaye biyu kike mayarwa. Bayan wata in kika iso, hannun saukowa yake. Bayan Sorim kuwa sai ya koma ya kwanta. Shekara uku ina kallo."

"Kai, Inna ta ƙwace wa Malam Bong aiki. Gobe a ba ki usur."

Darae ta juya wajen yayarta don su yi dariyar tare. Sorim ba ta yi ba. Ta cire ƙunshin daga gwiwarta ta ajiye a ƙasa.

"Shekara uku kawai, Inna? Ni na fi goma da sani." Ta dubi Darae. "Ke kina tsammani don me nake shiga gabanki in ƙafata ta mutu? Wurin hutawata ke nan. Na san ba za ki wuce ni ba, duk mai son wuce ni kuma sai ta fara zagaye ki. Bara da ke na shiga tawaga. Bara waccan ma."

Kunnuwan Darae suka yi ja. Ta kai hannu za ta ɗauki takalmanta, Sorim ta riga ta. Ta sauko daga kujera da ƙyar, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta zauna a kan jaridar, ta matse takalman Darae a ƙarfe.

"Yaya, me kike yi?"

"Idonki ya mutu? Washi."

"Yaya, don Allah tashi. In wani ya shigo fa?"

"Wa zai shigo, shugaban ƙasa? Zauna can ki yi kallo. Kafin a haife ki nake washi."

"Shekara biyu kika ba ni."

"To, kafin ki yi haƙori."

Ta kama dutsen. Ko ni da ke ƙofar kicin na ji ƙarar ba daidai take ba. Gajere-gajere take ja, tana danna ƙarfinta a wajen yatsa, ba ta kaiwa diddige. Shekara goma sha shida ba ta taɓa dutse ba, hannun ya manta. Darae ta durƙusa a gefe, tafukanta a kan cinya, tana kallon wuƙar da za ta hau gobe ana cinye mata kai.

"Yaya..."

"Yi min shiru."

"Yaya, a hankali, ba a dannawa."

"Ke za ki koya min?"

Ta ƙara ja uku. A na huɗu dutsen ya yi wata ƙara kamar an ja kujera a siminti. Darae ta cafke wuyan hannunta.

"Kin ɓata! Kina cinye min gaba, ba ki juya ƙarfen ba, ko mai ba ki ɗiga ba. Wannan washi ne ko daka? Matsa!"

Ƙanwata ta leƙo da ludayi a hannu. Darae ta saki hannun kamar ta taɓa murhu. Sorim ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ja jiki gefe a kan ɗuwawu, tana jan ƙafar.

"Ashe da murya," in ji ta. "Inna, kin ji? Daka wai."

Kusan awa ɗaya Darae ta yi tana gyara abin da aka ɓata cikin minti biyu. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Amma da aka kawo abinci ta zauna tana jira sai da Sorim ta ɗaga cokali kafin ta ɗaga nata. Na ga haka na ce a raina, to, Allah kaɗai ya san gobe.

Ranar Lahadi na je sujadar farko a wata majami'a kusa da filin. Ban roƙa wa ɗaya a kan ɗaya ba, bakina ba zai iya ba. Na ce kada kowacce ta faɗi, kada kuma wadda ta sha kaye ta tsani 'yar'uwarta.

Kowacce ta yi tserenta na share fage dabam, da la'asar kuma suka faɗo tsere ɗaya, na ƙarshe, su biyar. Zagaye tara. Sorim ta duƙa a layi ba ta dubi kowa ba. Aka harba bindiga.

Wata doguwar yarinya 'yar jami'a ta ja gaba. Sorim ta uku, Darae ta ƙarshe. A zagaye na huɗu Sorim ta kutsa ta ciki ta karɓi gaba, na ga yadda ta cije leɓe a kwana. Darae ta wuce ɗaya ta waje. Ta wuce ta biyu. Saura zagaye uku ta wuce doguwar, sai ga ta a bayan yayarta, ba kowa tsakaninsu.

Hannun ya koma baya.

Na runtse ido, na kuma buɗe, domin ban zo Seoul don in kalli cikin fatar idona ba. Sorim ba ta yi mata sauƙi ba ko kaɗan. Ta manne wa layin ciki, ta rufe duk wata kafa, tana tsere kamar ba ta taɓa sanin wata Darae ba. Suka sha kwana ɗaya a haka. Suka sha ta biyu. A miƙaƙƙiyar hanya, saura zagaye biyu, na ga yatsun Darae sun buɗe a bayanta, hannun ya zame ya faɗo, ya fara kaɗawa.

Ta waje ta fita, inda hanya ta fi tsawo. Zagaye guda cur suka yi kafaɗa da kafaɗa, ba wadda ta ba wata. Aka kaɗa ƙararrawa. Malam Bong yana dukan katifar bango da tafi yana ihu, ban san sunan wa yake kira ba, ina jin shi ma bai sani ba. A kwanar ƙarshe suka kwanta tare, yatsunsu a ƙanƙara, suka miƙe tare, kowacce ta tura ƙafa ɗaya gaba a kan layi.

Ba wanda ya san wadda ta ci. Alƙalai suka duƙa a kan hoto. Su biyun suna zagayawa a hankali, hannu a gwiwa, ba mai kallon wata. Da allon ya nuna, sunan Darae ne a sama. Daga baya aka ce min tazarar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Na sauko na same su a inda ake cire takalma. Darae tana tsaye a gaban Sorim da hular kwano a kanta, ta rusuna har ƙasa.

"Yaya, ki yi haƙ..."

Sorim ta ƙwala mata safar hannu a hula. "In kika ƙarasa kalmar nan sai na cire takalmin nan na sare ki da shi. Ke kika wasa, kin san zai yanka." Ta ja numfashi. "Zagaye guda kika ɓata kina tunani. Can inda za ki ba mai jiran ki gama tunani. Kin ji ni?"

"Na ji, Yaya."

"Wuce ki ba ni wuri, warin teku."

Sai da Darae ta tafi wurin sa hannu a takardu Sorim ta shiga banɗaki. Na bi ta na riƙe mata riga a bakin ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito ta wanke fuska ta ce yunwa take ji, a fito da miyar nan da na ɓoye. A bazarar aka yi mata aiki a gwiwa, yanzu ita ke horar da ƙananan yara a filinmu, ana jin muryarta tun daga titi.

Darae shekararta uku ke nan a tawagar ƙasa. Da ta shiga ita ce sabuwa, ita ce kuma ta girmi kowa, har yaran suka rasa yadda za su kira ta. Ta je ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. A tseren da mata huɗu ke yi suna tura juna ta baya ta samo lambar tagulla, ta kai wa mahaifiyarta, wadda ta rataye ta a rumfa tsakanin kifaye. Mahaifin ya ɗauki wata mata aikin shanya, ya ce da ma can abin da ya kamata ya yi ke nan.

A ranar tseren nan dai, muna tsaye a bakin filin muna jiran mota, Darae ta kira shi. Yana kan ruwa, ƙarar inji ta sa dole ta buɗe wayar kowa ya ji.

"Baba, an gama."

"Ta nawa?"

"Ta takwas."

"Takwas? Bara tara, bana takwas. To nawa suke ɗauka?"

"Takwas, Baba. Kullum takwas ne."

Darae ta duba wayar ko ta yanke. Can mahaifin ya yi gyaran murya, ya ƙara yi.

"To," ya ce. "Kada in ga ƙafarki a rumfar nan. Ba wa Uwargida wayar, in ji ko ƙarya kike min."